Girar Hagu

Shekarun baya, shekarar nan da aka rufe boda har manyan motoci suka yi layi a Magama kamar an dasa su, wani abu ya same ni wanda har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ni ban yi boko ba, allo ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Jikata ce ke danna waya tana rubutawa, ni ina faɗa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini zance. Abin da ya tayar da maganar, jiya na same ta a tsakar gida tana ɗaga gira tana saukewa ita kaɗai kamar mai iskoki. Na ce lafiya? Ta ce Turanci take bita, wai Turawa suna da kalma ga wanda ya haɗe gira, da wanda ya ɗaga ta, da wanda ya yatsine fuska, kuma sai ta kwatanta take iya riƙewa. Na ce to ajiye nasu ki rubuta nawa, tunda a gabanki aka yi.

Ban san baƙin rubutu ba, amma fuskar mutum ba ta taɓa yi mini gardama ba. Duk unguwarmu a Jibiya an sani. Mace ta yi sallama a gidana, kafin ta cire takalmi na san ko gulma ta kawo, ko yaji ta yi, ko ƙaramin ciki take ɓoyewa. Baki yana ƙarya, ido ma ana koya masa, amma gira ba ta jin maganar mai ita. Haka na yi imani, kuma da wannan nake taƙama.

Wadda na fi iya karantawa duk duniya ita ce ɗiyata ta fari, uwar wannan mai rubutun. Ku 'yan yanzu da kuke rungumar ɗan fari kuna ɗaukar hoto ba lalle ku gane ba. Mu a namu zamanin ɗan fari abin kunya ne. Ba ka kiran sunansa, ba ka wasa da shi gaban mutane, ba ka zama hira da shi. Tawa kuma sunan uwar mijina aka sa mata, kun ga kunya ta zama biyu. Tun ranar da aka raɗa mata suna bai taɓa fita daga bakina ba. Ana yaye ta ƙanwata ta ɗauke ta, a can ta girma, bayan gidanmu kaɗan. In ta zo gaishe ni sai ta durƙusa daga bakin ƙofa, in amsa ina kallon tukunya. Da ta yi aure a Maraɗi sai na samu sauƙi, nake ce mata ta Maraɗi.

To amma uwa uwa ce, dole ta san halin da ɗiyarta take ciki. Ba mu taɓa zama mun shirya ba, haka kawai abin ya ginu tsakaninmu. Girarta irin ta ubanta ce, Allah ya jiƙansa, baƙa ƙirin, mai kauri, ta kusa haɗewa a tsakiya. A ta hagu akwai ɗan tabo, inda ta faɗi kan turmi tana koyon tafiya. In ta zo, ana cikin gaisuwa sai in ɗago in dube ta sau ɗaya. In ta ɗan ɗaga ta hagun nan mai tabo, lafiya lau ke nan, sai in koma kan tukunyata. In kuwa suka matso juna, akwai magana, sai in tura ƙanwata ta ja ta ɗaki ta ji. Ta haka na san cikinta na fari kafin mijinta ya sani. Ta haka na san shekarar da kayan mijin suka ƙone a kasuwa, tana ta ce wa mutane ba komai, gira kuwa tana gaya mini akwai komai. Da ƙanwata ta rasu sai ya zama ba mai ja ta ɗaki, girar nan kaɗai ta rage mana.

Ita ma da ta haifi ta farinta, ni na je na ɗauko a ranar yaye. Ita ce wannan ja'irar da ke rubutu.

A shekarar da nake ba ku labari, ƙaramar salla ta wuce ta Maraɗi ba ta zo ba, aka ce mini hidima ta yi mata yawa. Babbar salla ta zo, sai saƙon nama da turmin atamfa. Ana nan aka rufe boda, sai kowa ya samu abin fakewa. In ta kira waya, gaisuwa ce irin tamu, ina kwana, yaya gida, a gaida yara. Na ce wa jikata ta kira ta irin kiran nan da ake ganin mutum, kullum sai ta ce sabis ɗin Nijar ba kyau. Amma ita da ƙawayenta na Maraɗi kullum suna ganin juna suna ƙyalƙyala dariya. Na lura kuma 'ya'yana maza in na ambaci yayarsu sai kowa ya tuna yana da aiki a waje.

Rannan na gama sallar walaha na kira jikata. Na ce ta gaya wa uwarta, ko ta zo in gan ta, ko in hau babur in bi ta daji kamar masu fasa-ƙwaurin shinkafa, duk abin da ya same ni a hanya su suka ja. Sun san halina, in na faɗa ina aikatawa. Kafin sati ya zagayo aka shirya, za a kawo ta bakin boda, mu ma mu je. Lokacin ana ɗan ɗaga wa 'yan uwa ƙafa su gaisa a nan bakin shinge, kowa ya koma inda ya fito.

Na haɗa mata daddawa, da kuka, da man shanu a kwalba, da ƙuli-ƙulin da take so. Muka hau mota zuwa Magama da hantsi. Wurin nan da na sani da hayaniya ya yi tsit, direbobi kwance ƙarƙashin motocinsu, warin albasar da ta ruɓe ya cika ko'ina. Akwai wata rumfar kwano dab da ƙarfen da ake gittawa a hanya. Wata ma'aikaciya cikin kaki, 'yar kudu, kakkaura, ba ta jin Hausa sai sannu da na gode, ita ta jawo mana benci ta kakkaɓe da hularta. Na sa mata albarka, jikata ta juya mata da Turanci.

Can sai ga mota daga wajen garin Ɗan Isa, ta ɓangaren Nijar. Surukina ya fito ya durƙusa tun daga nesa, muka gaisa da hannu, ya tsaya jikin mota kamar yadda ya kamata. Sannan ita ta fito. Abin da na fara gani tafiyar ce, a hankali, kamar mai ɗauke da tulu a cike. Ta sa wani zurmemen hijabi ta jawo shi har goshi. Na ce a raina azumin nafila take ko zafin rana. Ta iso ta durƙusa, ta ce Inna ina kwana. Na amsa ina kallon ƙullin daddawa. Sannan na ɗago, irin ɗagowar nan tawa.

Jama'a, ban san fuskar ba.

Hoda ce an labta kamar an shafe bango. Wannan bai dame ni ba. Girar ce. Girar ubanta, mai kaurin nan, babu ita. A madadinta wasu siraran layuka biyu aka ja da jagira, sun lanƙwasa sun yi sama kamar ƙahon rago. Irin na 'yan matan da nake gani a gidan biki, waɗanda in sun wuce nake tofar da yawu. Mace mai 'ya'ya sun tasa, wadda ta kusa aurar da ɗiya, ɗiyata ni, ta zauna an sa mata reza a fuska. Na ji kunnuwana sun yi zafi. Na dubi surukina can jikin mota, na ce wato shi ma ya gani ya ƙyale.

Ga faɗa cike da bakina, ga shi ba na iya yi mata kai tsaye. Sai na juya kan jikata da ke zaune tsakaninmu.

"Ke, tambayi uwarki, biki ake a Maraɗi ba a gaya muna ba?"

Jikata ta sunkuyar da kai. Uwar ta ce, ita ma tana kallon ɗiyar, "Ki ce wa Inna ba biki, yayi ne kawai."

"Ki ce mata yayin ya yi kyau. Saura ta sa wando ta hau babur."

Haka muka yi ta yi, Bahausa da Bahausa, da tafinta a tsakiya. Na ce a tambaye ta ko malaman Maraɗi sun daina wa'azi ne. Na ce a tambaye ta ko da wannan fuskar take zuwa makarantar islamiyya. Ita dai sai a ce wa Inna ta yi haƙuri. Ma'aikaciyar nan tana zaune gefe kan kujerarta tana kallonmu, ta dubi wannan ta dubi waccan. Daga baya jikata ta ce mini matar ta tambaye ta ko yarenmu daban-daban ne da uwarta.

Da faɗan ya ɗan lafa sai na koma ga abin da ya kawo ni. Na dube ta, dubar tambaya. Girar hagu tana sama. Lafiya lau ke nan. Na kawar da kai na kwance ƙullin ƙuli-ƙuli, na sake dubawa. Tana nan a sama. Na yi zancen rasuwar wata maƙwabciyarmu da ta yi mata goyo tana ƙarama, na saci kallo. Idonta ya kawo ruwa, amma girar tana can sama tana ce mini lafiya lau. A nan na fara tsarguwa. Girar gaskiya in ta hau tana saukowa. Wannan ta hau ta zauna. Shekara da shekaru ina jin ɗiyata da ido, rannan sai na ji kamar an toshe mini kunnuwa da auduga. Tana gabana, hannuna zai iya kai mata, amma ban san a wane hali take ba.

Rana ta take, kwanon rumfar ya ɗau zafi. Sai na ga ta dafa benci da hannu biyu, ta rufe ido. Kafin in motsa ma'aikaciyar nan ta taso da ruwan leda, ta fasa ta miƙa mata, ta sunkuya tana yi mata fifita da hula. Tana cikin fifitar sai hannunta ya tsaya. Ta ƙura wa fuskar ido. Sannan ta miƙe a hankali ta ja jikata gefe kaɗan, ta yi ƙasa da murya tana Turanci. Ta taɓa tata girar da yatsa, ta taɓa gashin idonta, ta shafa kanta. Kalma ɗaya na riƙe don ta maimaita ta, aiburo, aiburo, wai gira ke nan. Ita ce Turancin da na iya har yau, ita da kwamin da gowin.

Jikata ta dawo ta zauna. Na ce, "Mi ta ce?"

"Cewa ta yi jagirar Mama ta yi kyau, tana tambaya ina ake sayarwa."

Yarinyar da na yaye da hannuna, na yi mata wanka, na san fuskarta in ta saci sukari. Bakinta yana murmushi, girarta kuwa sun matse har sun yi rami a tsakiya. Na dubi ma'aikaciyar. Ta juya baya tana gyara hular da ba ta karkace ba, tana share ido da bayan hannu. Ban ji Turanci ba, amma ba a yabon kwalliya da irin wannan fuskar a kowane yare.

Na karɓi ragowar ruwan ledar na jiƙa bakin mayafina. Na tashi na zagaye jikata, na tsaya gaban ta Maraɗi. Rabon da hannuna ya taɓa fuskarta tun ranar da aka shafa mini maɗaci aka yaye ta. Ta ɗago a firgice za ta kauce, na riƙe haɓarta. Na goge ta dama. Na goge ta hagu.

Ni na san aski. Na ga wanzami ya yi wa jarirai, na ga maza sun fito daga hannunsa. Reza komai kaifinta tana barin tushe, in ka shafa za ka ji ƙaiƙayi a yatsa. Wannan babu. Fata ce sumul kamar tafin hannu, kamar gashi bai taɓa tsira a wurin ba. Tabon turmin nan kaɗai ke zaune shi ɗaya. Na dubi idon da kyau, ashe tozali ne aka cika, babu gashin ido ko ɗaya. Na zura hannuna ƙarƙashin hijabin, na wuce ɗankwali. Ɗiyata da mai kitso ke cewa a zo mata da sassafe don kanta yini guda ne. Tafin hannuna ya sauka kan ƙoƙon kai, santsi, da zafi.

Ban yi salati ba, ban yi kuka ba. Zama kawai na yi a ƙasa cikin turɓaya, ni da ko a gidan mutuwa sai an shimfiɗa mini tabarma.

Ta zamo daga bencin ta durƙusa gabana. Karo na farko a rayuwarta ta yi mini maganar da ba gaisuwa ba, ba ta bi ta kan kowa ba.

"Inna, ciwon daji ne, a mama. An cire ɗayan a Yamai tun kafin azumi. Maganin da ake ƙara mini a ruwa shi ke zubar da gashin. Likita ya ce ana samun sauƙi."

Tun kafin azumi. Ina nan ina fushi ba ta zo salla ba, ashe tana kwance an yanka ta. Na dubi jikata, ta rufe fuska da hijabi. Ta sani. 'Ya'yana maza sun sani, har sun je sun dubo ta suka ce mini fatauci suka tafi. Matansu sun sani. Daga baya na gano har mai kawo mini nono daga Bugaje ta sani. Duk Jibiya ni kaɗai, mai taƙamar karanta fuska, aka mayar gunki. Wai saboda hawan jinina.

Na ce, ina kallon ƙasa, "Shi ne aka zano mini ƙarya."

Ta ce, "Na san kina ganina ba gira za ki gane. Tun da aka ce za ki zo nake gaban madubi ina gwadawa. Ta hagun na ɗan ɗaga ta fiye da ta dama, don in kin duba ki ga lafiya lau, ki koma gida hankalinki kwance."

Wannan maganar ita ta ƙarasa ni. Mace ba ta iya tsayuwa sai ta dafa, ta zauna gaban madubi tana auna yadda za ta ce wa uwarta lafiya lau da fensir. Ni kuma na zo ina tambayarta ko za ta hau babur. Na duba fuskar nan da na goge, babu abin da zan karanta a cikinta, babu ƙanwata da zan tura, babu komai tsakanina da ita sai baki. Ban san lokacin da ya fito ba. Na kira sunanta. Sunan yanka, cikakke, yadda liman ya faɗe shi.

Wallahi sai ta waiga bayanta. Ta zaci wata ake kira, don ba ta taɓa jin sunan da muryata ba. Jikata ta saki baki. Surukina da ya matso jin shiru, ya tsaya cak, ya cire hula ya riƙe a hannu bai san ya cire ba. Ni kaina sai da na ji harshena ya yi nauyi kamar na ɗanɗani abin da ba a ci. Da ta gane ita ce, sai ta kifa kai a cinyata, ta yi kukan da nake jin tun Yamai take riƙe da shi. Na bar hannuna a kanta. Direbobi suna kallo, ban damu ba.

Da ta natsu na miƙe na kakkaɓe zanena. Na ce wa jikata ta koma gida ta kulle mini ɗaki, ta ba awakina ruwa, a aiko mini da kayana ta hannun duk wanda ya samu hanya. Ta ce Inna ai an rufe, ba a wucewa. Na ɗauki ƙullin daddawata na riƙe hannun ɗiyata, na je gaban ma'aikaciyar nan. Na nuna kaina, na nuna ɗiyata, na nuna hanyar Maraɗi. Ta dube ni ta ɗaga gira duka biyu. Na ce na gode, na sunkuya ta ƙarƙashin ƙarfen na wuce.

Har yau muna gardama da wannan yarinyar a kan wurin nan. Ita ta ce a wajen masu Turanci ɗaga gira ba izini ba ne, mamaki ne, kamar a ce tsohuwar nan lafiyarta kuwa. Ni kuma na ce a garinmu in ka tambayi mutum ya ɗaga gira, i ya ce maka. Abin da na sani, ba ta kira ni ba, ba ta sa an kira ni ba. Jikata ta ce da muka shiga mota matar ta gaya mata yayarta ce ta yi irin wannan ciwon, ita ta yi jinyarta, ita take zana mata girar da safe. Shi ya sa tana gani ta gane. Ban sake ganinta ba, an ce an canza mata wurin aiki. Duk inda take Allah ya rufa mata asiri.

Na daɗe a Maraɗi, har sai da aka girbe gero aka sake shuka wani. Zama gidan suruki ba abin da na taɓa zaton zan yi ba ne, shi da ni muka yi ta wasan ɓuya a gida ɗaya, in ya shigo ta nan in fita ta can. Ni ke dama mata kunu, ni ke riƙe mata kwano in maganin ya tayar mata da zuciya, ni ke yi mata wanka kamar yadda ban yi mata ba tana ƙarama. Jagirar kuwa ranar da na isa na jefa ta a masai. Na ce in fuskar ba ta da abin faɗa, a bar ta ta yi shiru, bakinki ya faɗa. Ta koyi cewa Inna yau jikin ba daɗi, ni ma na koyi tambaya da baki. Da wuya, kamar mai koyon tafiya da tsufa.

Bayan an gama ba ta maganin, kullum da safe in na kai mata kunu sai in ja ta bakin ƙofa wajen haske in duba, yadda manomi ke zagaya gona bayan ruwan farko. Aka daɗe ba komai. Sannan wani abu ya fara fitowa, laushi kamar gashin jariri, sai ka karkata kai kake ganinsa. A hankali ya yi duhu. Ba ta dawo da kaurinta na da ba, kuma rabinta fari ta fito, wai ɗiyata ta riga ni furfurar gira. Wata safiya na miƙa mata kofi, na dube ta ba da niyyar komai ba, sai na ga ta hagun nan mai tabo ta ɗan yi sama, ta sauko. Ta sauko, jama'a. Na ajiye ludayi na fita bayan ɗaki, na daɗe a can ina yi wa kaji faɗa.

Yanzu tana nan lafiya, tana zuwa Yamai a duba ta lokaci-lokaci, ta aurar da 'ya'ya har ta yi jikoki. In kuna jira in ce kunyar ɗan fari banza ce, ba za ku ji daga bakina ba. Haka aka yi mini, haka na yi, kuma ban ga waɗanda suka watsar sun fi mu son 'ya'yansu ba. Sunan nan ma sau ɗaya na faɗa, ban sake ba, ta Maraɗi nake ce mata har gobe. Abin da ya girgiza ni, wanda har yau bai sake ni ba, shi ne duk tsawon shekarun nan hanyar da ke tsakanina da ɗiyata 'yan gashi ne da ba su cika cokali ba, kuma ciwo ya zo ya share su cikin 'yan kwanaki. Na kuma gane wanda ya fi kowa sanin yadda kake karanta shi, shi ya fi kowa iya rubuta maka ƙarya, ba don ƙiyayya ba.

Jikata ta karanto mini kalmomin Turawan nata jiya, na saurara har ƙarshe. Ba laifi, sun yi ƙoƙari. Na tambaye ta ko suna da kalma ga girar da aka zana don kada uwa ta tashi hankali. Ta duba ta duba ta ce babu. Na ce mu ma babu.

Shi ya sa duk ranar da ta Maraɗi ta zo, tun a zaure nake tare ta, kafin gaisuwa, kafin ta ajiye jaka. In lashi babban yatsana in murza girar hagu, in duba yatsan. Jikokinta suna dariya, matan ƙannenta suna rufe baki. Ita kuwa, da furfurarta da komai, sai ta tsaya cak ta miƙo fuska, har sai na ga yatsana ya fito fari.